DOKA DA MAZAUNIN KURMI: ME MALAMAI KE TATTAUNAWA A TARUKANSU, KUMA INA RABONMU A CIKI?

Jawabin da wani ɗan ƙungiya, lauya, ya gabatar a taron ƙara wa juna sani na ƙungiyarmu a Sabo, Badun

 

  

Shugabannin ƙungiya sun umurce ni da in yi magana a kan tarukan da masana shari'a ke yi game da matsayin doka a zaman jama'a na wannan zamani. Na san wani a cikinmu zai ce a ransa, to ina ruwan mai sayar da albasa a Shasha da taron shaihunan malamai? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ita zan yi ƙoƙarin amsawa kafin in zauna.

Da farko dai, bari mu san irin tarukan da ake nufi. Ƙungiyar Lauyoyin Nijeriya tana yin babban taronta kowace shekara, galibi a watan Agusta. Malaman da ke koyar da shari'a a jami'o'i su ma suna da tasu ƙungiyar, suna zagayawa da taronsu daga wannan jami'a zuwa waccan. Akwai kuma Cibiyar Zurfafa Nazarin Shari'a ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979 a harabar Jami'ar Legas, aikinta ke nan bincike da shirya laccoci. A irin waɗannan wurare malami kan tashi ya karanta maƙalarsa, 'yan'uwansa su yi masa tambayoyi, wasu su soke shi, wasu su goyi bayansa, a ƙarshe a fitar da takardar bayan taro. Alƙalai suna zuwa, 'yan majalisa suna zuwa. Abin da aka tafka muhawara a kansa bana, sau da yawa shi ne za ka gani ya zama doka bayan shekara goma ko ashirin.

Ga misali ɗaya. A watan Janairu na 1961, wata uku kacal bayan samun 'yancin kai, an yi wani babban taro a Ikko a kan mulkin doka a Afirka. Hukumar Masana Shari'a ta Duniya ce ta shirya shi, kuma alƙalai da lauyoyi da malaman shari'a 194 suka halarta, daga ƙasashen Afirka 23 da wasu ƙasashe 9 na waje. Suka fitar da matsayar da ake kira Dokar Legas. A cikinta suka roƙi gwamnatocin Afirka da su duba yiwuwar ƙulla yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam, tare da kotun da wanda aka zalunta zai kai kuka. A lokacin magana ce kawai a takarda. Amma a 1981 shugabannin Afirka suka amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Ɗan Adam da na Al'ummai, Nijeriya ta mayar da ita dokar ƙasa a 1983, kuma a shekarar 2000, a shari'ar da marigayi Gani Fawehinmi ya yi da gwamnatin Abacha, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa kotunan ƙasar nan za su yi aiki da ita. Ita kuwa kotun da aka yi mafarki, yanzu tana nan zaune a Arusha ta ƙasar Tanzaniya. Kun ga ashe taron malamai ba shan shayi ba ne kawai.

Misali na biyu ya fi kusa da mu, domin a nan garin aka yi shi. A watan Agusta na 1964, lokacin Jami'ar Ife tana zaman wucin gadi a Badun kafin ta koma Ile-Ife, an yi taro a kan yadda za a haɗa dokokin gargajiya da dokokin zamani a Afirka. Matsalar da suka duba ita ce har yau muke fama da ita. Ƙasar nan tana tafiya ne da shari'a iri uku: dokar da muka gada daga Ingila tare da wadda majalisu ke yi, da dokar gargajiya ta kowace ƙabila, da Shari'ar Musulunci. Marigayi Taslim Elias, wanda ya zama Atone-Janar na farko, ya zama Babban Jojin Nijeriya daga 1972 zuwa 1975, daga baya ya shugabanci Kotun Duniya, tun a 1956 ya rubuta littafi yana nuna wa Turawa cewa al'adun Afirka doka ce cikakkiya mai ƙa'idoji. To jama'a, duk Nijeriya babu wanda wannan rabuwa uku ta fi shafa kamar mu. Bahaushen Sabo yana aure da gado bisa Shari'ar Musulunci, yana zaune a kan ƙasar da al'adar Yarbawa ke iko da ita, in rigima ta taso kuma a kai shi gaban majistare mai hukunci da dokar Bature. Mutum ɗaya, riga uku.

Mu kanmu an taɓa yin nazarinmu. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a nan Sabo a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafinsa a 1969, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda kakanninmu ke cinikin shanu da goro na maƙudan kuɗi ba tare da takarda ko kotu ba. Falke ya kawo shanu daga Arewa, ya sauka gidan maigida. Maigida ya ba shi masauki da abinci, dillalansa su nemo mahauta, a sayar bashi, maigida ya tsaya a matsayin lamuni. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya, shi kuwa mahaucin ba zai sake samun sa a kara ba sai ya sauke nauyin da ke kansa. In saɓani ya auku, a je gaban Sarki da malamai a kashe wutar. Amana ita ce dokar, kunya ita ce ɗan sanda.

Wannan tsari ya yi aiki ne domin kowa ya san kowa. An kafa Sabo a 1916, unguwa ce guda, Sarki ɗaya. Yau fa? Mutanenmu sun bazu Ojoo, Shasha, Bodija, Akinyele da sauran wurare. Yaro ya sauko daga tirela da asuba, kafin azahar ya karɓi babur haya, babu wanda ya san ubansa. Ciniki ya koma ta waya, kuɗi suna tafiya ta banki. Amana tana nan, Allah ya ƙara mana ita, amma ita kaɗai ba ta isa ta riƙe jama'a mai yawa haka. Abin da malamai ke nufi ke nan in sun ce doka tana da aiki a zaman zamani: ita ce ke sa mutum biyu da ba su san juna ba su yi hulɗa, kowa hankalinsa kwance.

Yanzu bari in ɗauko abubuwa huɗu da ake yawan tattaunawa a waɗannan taruka, waɗanda suka shafe mu kai tsaye.

Na farko, maganar ɗan ƙasa da ɗan asali. Tsarin Mulkin 1999 ya ba mu abubuwa masu nauyi. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar yawo da zama a duk inda ya ga dama a ƙasar nan, kuma ba a korarsa daga cikinta. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin da ya fito. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar fili ko gida ko'ina a Nijeriya. Dattawa za su tuna da Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Jihar Borno, wanda gwamnatin tarayya ta ɗauka ta kai Chadi a watan Janairu na 1980 wai shi ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu ta ce an karya doka, ya dawo gidansa, aka kuma yanke a biya shi diyya. Saboda haka duk wanda ya ba ka wa'adin barin gari, ko wane ne shi, ba da yawun doka yake magana ba. Haka nan in wani a Arewa ya ba Bayarabe ko Ibo wa'adi, shi ma ya saɓa wa wannan sashe. Dokar ba ta da ɗan gida.

Amma fa tsarin mulkin nan da ya bayar da hannun dama, ya karɓe wani abu da hagu. Sashe na 14 ya kawo tsarin raba daidai tsakanin jihohi, sashe na 147 ya ce a naɗa minista daga kowace jiha kuma ya zama ɗan asalinta, sashe na 318 kuma ya ɗaura zama ɗan jiha a kan iyaye da kakanni. Daga nan takardar shaidar asali ta samo ƙarfinta. Yaron da aka haifa a Sabo, aka haifi ubansa a Sabo, yana jin Yarbanci kamar Bayarabe, in ya je neman tallafin karatu ko aikin gwamnati sai a ce ya kawo takarda daga garinsu. Ya tafi Kano ko Katsina, can ma a ce ba a san shi ba. Ya zama jemage, shi ba tsuntsu ba shi ba dabba ba. Sashe na 15 ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar da cikakken 'yancin zama ga kowa a ko'ina, sai dai yana cikin babin da sashe na 6 ya hana a kai gwamnati ƙara a kansa. Masana sun daɗe suna ba da shawarar a mayar da hankali kan shekarun da mutum ya yi a wuri da harajin da yake biya. An taɓo maganar a Taron Ƙasa na 2014, amma har yanzu waɗancan sassa suna nan yadda suke. Wannan muhawara tamu ce, kuma galibi ana yinta ba ma wurin.

Na biyu, maganar ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake samu shi ne izinin zama, kuma in za ka sayar ko ka jinginar da filin birni, sai da amincewar gwamna. Mutane da yawa sun ɗauka wannan doka ta shafe ikon masu ƙasa na gargajiya. A 1991 Kotun Ƙoli ta warware wannan a shari'ar Abioye da Yakubu. Wasu Fulani ne a Jihar Kwara, kakanninsu suka sami wurin kiwo da noma daga Yarbawa masu ƙasa bisa sharaɗin biyan ishakole. Bayan dokar 1978 suka ɗauka wurin ya zama nasu. Kotu ta ce a'a, wanda aka ba aro yana nan a matsayin ɗan aro, daɗewa ba ta mayar da shi mai ƙasa. A al'adar nan kuma, ɗan aron da ya musanta ikon mai ƙasa yana iya rasa wurin baki ɗaya.

Don Allah 'yan'uwa a kula da wannan. Kowane maigida ya binciki gidan da yake ciki: saye ne, haya ce, ko aro ne aka ba kakansa? In za ka sayi fili a hannun dangi, al'adar Yarbawa ta ce sai shugaban gidan da manyan 'yan gidan sun yarda. Ɗa ɗaya ba ya sayar da ƙasar gado shi kaɗai, ko da ya rantse maka. Ka sa lauya ya duba a ofishin ƙasa, safiyo ya auna ya kafa duwatsu, a rubuta yarjejeniya, a yi mata rajista. Rasit ɗin da aka rubuta a takardar makaranta ba ya tsayawa da ƙafarsa a gaban alƙali. Kuɗin lauya na kwana ɗaya ya fi sauƙi bisa shari'ar shekara goma sha biyar. Rigakafi ya fi magani.

Na uku, aure da gado. Sashe na 275 ya ba duk jihar da take so damar kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, amma babu ko ɗaya cikin jihohin Kudu maso Yamma da ta kafa. Tun 2002 'yan'uwanmu Musulmin Yarbawa suka fara kafa kwamitocin sulhu na Shari'a masu zaman kansu a Badun da Ikko. Suna aiki mai kyau, sai dai ba su da ikon tilasta wa kowa, sai wanda ya kawo kansa. Ma'ana, in malamai suka raba gado a Sabo, magaji ɗaya ya bijire ya tafi Babbar Kotu, to an shiga wani fage daban. Ga kuma tarkon da matasanmu 'yan boko ke faɗawa: su ɗaura aure a masallaci, sannan su je rajista su sake ɗaurawa don neman biza ko takardar aiki. Auren rajista mace ɗaya doka ta sani, kuma in mutum ya rasu ba wasiyya, dokar rabon dukiya ta jiha ce za ta hau kan abin da ya bari. Ranar da aka zo rabo, amarya da 'ya'yanta su ne za su sha wuya. Kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka tambayi malami, ka kuma tambayi lauya. In an raba gado, a rubuta, kowane magaji ya sa hannu a gaban shaidu. Ai malamanmu sun sha gaya mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutu ba rashin yarda ba ne, umurni ne.

Na huɗu, 'yan sanda da kotu. A nan ne talakanmu ya fi cutuwa, kuma a nan ne muhawarar masana ta fi haifar da ɗa mai ido. Shekara da shekaru suna kuka a kan cunkoson gidajen yari da masu jiran shari'a, har aka sami Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, jihohi suka yi irin tasu, aka kuma sabunta Dokar 'Yan Sanda a 2020. Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Ba a kama uba ko mata ko ɗan'uwa a madadin wanda ake nema. Ba a kama mutum don bashi kawai ko saɓa alkawarin ciniki, wannan maganar kotun farar hula ce. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu, sai fa in laifin na hukuncin kisa ne. Yana da damar yin shiru har ya ga lauyansa. Sashe na 36 ya ba shi tafinta kyauta in bai jin harshen da ake shari'a da shi. Belin caji ofis kyauta ne, mace kuma tana iya tsaya wa mutum beli. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa tun 1976. Yaranmu nawa ne suka dangwala yatsa a kan bayanin da aka rubuta da Turanci, ba su san abin da ke ciki ba? Rashin sani ya fi dare duhu.

Jama'a, ba za mu manta da Shagamu a 1999 ba, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, da Sabon Ile-Ife a 2017, da Shasha a watan Fabrairu na 2021. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, namu da na maƙwabtanmu. In kun duba za ku ga yawancinsu daga ƙaramin abu suka faro, saɓani tsakanin mutane ƙalilan, sai aka mayar da shi na ƙabila. Amfanin doka shi ne ta ware mai laifi shi kaɗai ta hukunta shi, don kada a huce a kan mai shayin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wannan ya ɗora mana nauyi mu ma. In yaronmu ya yi laifi, kada mu ɓoye shi, kada mu saka shi a mota cikin dare. Mu kai shi da hannunmu, mu nemar masa lauya, a yi masa adalci. Wanda yake so doka ta kare shi ranar wuya, dole ya yarda ta hau kan nasa ranar da nasa ne da laifi. Kuma mu girmama al'adun masu masaukinmu da sarakunansu, domin zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

To, su ma malaman akwai abin da za a faɗa musu. Tarukansu da Turanci ake yi, a manyan otal-otal da ɗakunan jami'a, da kuɗin shiga da talaka ba zai iya biya ba. Ana maganar mazauna, babu mazauni ko ɗaya a ɗakin. Maƙaloli masu amfani suna kwance a kanta, ƙura ta rufe su. Jami'ar Badun ga ta nan kusa da mu, tafiyar 'yan mintoci a mota daga Mokola, amma tsakaninmu da ita kamar tsakanin Badun da Sakkwato. Laifin rabi nasu ne, rabi namu, domin mu ma ba mu ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Saboda haka ina ba ƙungiya shawara biyar. Ɗaya, a kafa kwamitin shari'a, a haɗa lauyoyinmu da malamai biyu da wakilin fada, a kuma manna lambar wayarsu a kowane masallaci da kowace tasha. Biyu, duk sulhun da aka yi a fada ko a kara a rubuta shi a littafi, ɓangarori su sa hannu. In maganar babba ce, a kai ta ofishin sulhu na kotu, irin wanda Ikko ta fara a 2002 wasu jihohi suka bi, domin sulhun da alƙali ya sa wa hannu yana da ƙarfin hukunci. Uku, a tattara takardun masallatanmu da makarantunmu da maƙabartarmu, a ga wanne ke da rajista, wanne ba shi da ita. Huɗu, duk lokacin da za a yi taro a kan tsarin mulki, ko majalisa ta kira jin ra'ayin jama'a, mu aika wakili da takardarmu a rubuce, wanda ya dawo kuma ya fassara mana da Hausa a wannan mujalla. Mu kuma gayyaci malaman jami'a su zo nan Sabo su yi mana lacca, su ji daga bakinmu. Biyar, mu ɗauki nauyin yaranmu masu ƙwazo, maza da mata, su karanta shari'a. Attajiranmu, ga wurin sadaka mai gudana.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada mu bari sai an kama mutum, ko an zo da katafila, sannan mu fara neman lauya. Kakanninmu sun riƙe wannan unguwa fiye da shekara ɗari da gaskiya da amana. Abin da ya rage mana shi ne mu ɗora ilmin doka a kan abin da suka bar mana.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa malamanmu lafiya, ya albarkaci kasuwancinmu da zuriyarmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya zaunar da Nijeriya lafiya.